Dutsen Mangalar Illo

A Madarunfa kowa Madugu yake ce wa Illo, alhali jakunan da ya taɓa korawa a rayuwarsa ba su wuce bakwai ba, biyu ma daga cikinsu na aro ne. Sunan da tsokana ya fara, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi Illo tsurarsa sai ya waiga bayansa ya ga ko da wani kake. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin ayari a bayan mahaifinsa, su kai taba da kanwa Katsina da Kano da Gusau, su komo da goro da baƙin zane. Ya san kowace rijiya daga bakin tabkin garinsu har gindin dutsen Kwatarkwashi, ya san mai zartsi, ya san wadda masu ita ke ɓoye guga in sun hango baƙi.

Amma abin da yake taƙama da shi, wanda in ya fara zancensa sai ka nemi wurin zama, shi ne ɗaurin mangala. Mangala dai buhu biyu ne a haɗe, ɗaya ya sauka dama da jaki, ɗaya hagu. In gefe guda ya rinjayi ɗan'uwansa, kafin zango biyu bayan jaki ya yi gyambo, don haka falke kan nemi dutse ya jefa a gefen da ya yi shafal. Illo ba ya bukatar ma'auni. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya lumshe ido, ya ce maka a ƙara tafin gero a hagu, in ka gwada kuma ka tarar haka ɗin ne. A ganinsa rabin fitinar duniya daga rashin iya ɗaura kaya take.

Matarsa Hajara ta bi shi fatauci shekara da shekaru tana tuƙa wa ayari tuwo a zango. Haihuwa biyar ta yi, Allah ya bar musu ta fari kaɗai, Mariama. To, 'yar fari ce, kunyarta kuwa wajibi: uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta, ba ya yi mata wasa a gaban mutane. Hajara ta riƙe tata kunyar har ranar da aka binne na huɗu cikin ƙannen yarinyar, daga nan ta yar da ita, ta rungumi 'yarta, ta ce mai son magana ya yi. Illo kuwa ya riƙe tasa tamau. “Yarinyar nan” yake cewa, in ya ji daɗi ke nan. In ransa a ɓace yake, “waccan”. Yana sonta son da har ƙirjinsa ke masa ciwo, amma da a gane haka gara a ce mangalarsa ta karkace a tsakiyar kasuwa.

Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaukarta a idon jama'a. Tana da shekara uku ƙyanda ta kama ta a hanyar Gusau, Hajara kuma ga tsohon ciki, goyo ba ya yiwuwa. Illo ya juye mangala guda kaf ya rarraba kayan wa sauran jakuna, ya shimfiɗa zane a gefe ɗaya ya ce nan za a kwantar da yarinya, sai dai a nemo dutse daidai nauyinta a sa a ɗaya gefen. Ya shiga gindin Kwatarkwashi yana tsinto duwatsu. Ya ɗaga yarinya, ya ajiye, ya ɗaga dutse, ya girgiza kai, ya sake ɗaga yarinya. Hajara tana kallo. Dutse na biyu ya yi daidai, ta gani a fuskarsa, amma sai da mutumin nan ya gwada tara, kowanne kuma sai ya sake ɗaukar 'yarsa ya manna ta a ƙirji wai yana awo. Daga ƙarshe ya koma ya ɗauki na biyun.

Yarinya ta warke, dutse ya iso Madarunfa, ya zauna a ƙofar ɗakin Illo shekara ashirin da biyar. Baƙi ne, sumul, girman ƙaramar kabewa. Garin yashi ne, dutse abin nema, maƙwabta sun roƙe shi don wasa wuƙa, matan unguwa sun roƙa don niƙan taba, ya hana. Hajara ta yi tuntuɓe da shi har ba ta da farcen kirki a babban yatsa, kuma duk ranar da ta ce za ta jefa shi tabki sai ya ce dutsen awo ne, mace ba ta san darajar kayan aiki ba. A kansa Mariama ta riƙa zama tana cin tuwo har ta yi girman da ba ya ɗaukarta, uwarta kuma ta ba ta labarinsa ba sau ɗaya ba. Da ta isa aure ta auri Salisu tela, wanda daga baya ɗinki ya kai shi Damagaram. Shekara tara ke nan ba su sa ta a ido ba, a shekarun nan kuma ko ɓatan wata ba ta yi ba sai a ta ƙarshe.

Ana cikin haka manyan motoci suka kashe fataucin jaki. Abin da Illo ke kaiwa Kano a kwana goma sha biyu, kamiyo ya kai shi a wuni biyu, direban ko sunan rijiya ɗaya bai sani ba. Illo ya yi fushi da zamani kusan shekara biyar, sannan ya yi abin da ya ba gari mamaki. Wani akawun sayen gyaɗa da aka canja wa wurin aiki yana da baƙin babur matacce a bayan shago, Illo ya ba shi jakunansa uku na ƙarshe ya turo abin gida. Aka ce Madugu ya taɓu. Wanda ya fitar da shi kunya shi ne Kalebu, Kirista ne mutumin Maraɗi, yana gyaran motocin 'yan mishan, mahaifinsa kuma abokin ayarin Illo ne tun suna samari. Kalebu ya yi Asabar huɗu yana zuwa a kan keke da jakar ƙarafunansa, ran ta biyar babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya tashi da ƙarar da ta kori kajin unguwa har bakin tabki.

Illo ya koyi hawa, amma bai taɓa yarda a ransa cewa abin ba dabba ba ne. Ya kafa masa turke a inuwar aduwa, yakan ɗaure shi da igiya, da safe ya shafa tankinsa ya yi masa ban gajiya. In zai tsaya sai ya ja ƙahon da ake riƙewa baya ya daka masa tsawa tukuna, in ya ƙi ji sannan ya tuna da birki. Iyakar tafiyarsu Maraɗi ran kasuwa, sai Gabi sau ɗaya gaisuwar mutuwa.

Ran wata Jumma'a bayan girbin gero, a shekarar 1956, Kalebu ya iso gab da la'asar, gumi sharkaf, da 'yar takarda a aljihu. Salisu ne ya bugo wayar tangaraho daga Damagaram: Mariama ta sauka lafiya jiya Alhamis, mace aka samu. Hajara ta saki muciya ta rangaɗa guɗa, ta zauna ta yi kuka, ta tashi ta sake guɗa. Illo yana zaune a kan buzu, ya ce madalla, ya tambayi Kalebu ko an yi ruwa a wajen Safo da ya ratso, alhali damina ta ɗauke da wata guda. Carbi kuwa sai ja yake da sauri har yana ƙara.

Suna ran Alhamis mai zuwa. Hajara ta ce ko da rarrafe sai ranar ta same ta a ɗakin 'yarta. Yarinya ta haihu a baƙon gari bayan shekara tara tana jira, ba uwa ba inna, wa zai dama mata kunun kanwa, wa zai tsaya mata a wankan jego? Da jaki kwana goma ne. Kamiyon da ke zuwa Damagaram daga Maraɗi ya tashi da safiyar nan, na gaba sai wata Jumma'ar, bayan an cinye ragon suna an siɗe kwano. Duk suka juya suka dubi abin da ke ɗaure a turke.

Illo ya gyara murya ya ce shi dai ba ruwansa da sunan 'ya'yan mutane, amma da ma yana son ya gwada babur a doguwar hanya, in Hajara na so ta hau baya ba zai hana ta ba. Kalebu ya ƙunshe dariya, ya duba taya da sarƙa, ya sa sabon buji mai ba inji wuta, ya ce gobe da asuba su tashi, garwar esansi ɗaya, man babur ke nan, ƙunshin tufafi ɗaya, kwana uku sun isa har da ragowa.

“Gobe?” in ji Illo. “Kalebu, ashe ubanka bai koya maka komi ba. Wa yat taɓa tashi tahiyar zango goma da dabba tsirara? Sai an shirya ta.”

Asabar ta tafi a maƙerar Audu. Audu bai taɓa ƙera abin da ya wuce fartanya da gatari ba, amma mutum ne da ba ya cewa bai iya ba, don haka shi da Illo suka wuni suna musu a kan abin da dukkansu ba su sani ba. Duk da haka kafin la'asar an ƙera wa babur ƙarafuna biyu a gefen tayar baya, inda mangala za ta sauka ba tare da ta shiga cikin taya ba, an kuma ɗora masa akumari, matashin nan da ake sa wa jaki a baya. Sai maganar mazaunin Hajara. Ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa raba ƙafa a kan dabba ba, ba kuwa za ta fara da furfura ba, a kaikaice za ta zauna. Aka ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta gindin murhu aka ɗaure bisa akumari da igiyar rama, tana kallon hagu. Illo ya ja da baya ya ƙare wa aikin kallo, ya lumshe ido, ya ce ai yanzu hagu ta rinjaya, ƙafafun mace ba ƙaramin nauyi ba ne, dole a sa wani abu a dama. Bai dubi kowa ba ya nufi ƙofar ɗakinsa, ya rungumo dutsen nan ya zura shi can ƙasan mangalar dama. Hajara tana kallo.

Lahadi Kalebu yana majami'a a Maraɗi, wannan kuwa ita ce ranar da aka shiga uku, don ba mai tsawata wa Madugu. Da hantsi ya tsuguna ya dubi injin, ya ga duk haƙarƙarinsa a waje, ya tuna yashin hanyar Tasawa, tausayi ya kama shi. Ya ɗauko jemammiyar fatar akuya ya ɗinka wa injin riga tsaf, har da maɓalli. Sannan ya tuna babban abu. Tun kakanninsa ba a fita doguwar tafiya sai an ba dabba kanwa ta wanke ciki. Ya san Kalebu zai yi gardama, mutanen yanzu komai gardama, don haka ya daka kanwa lukui, ya buɗe tanki, ya yi bisimilla ya zuba. Bai cika hannu ba, don ya san cikin baƙo ne.

Ya hau gwaji. Babur ya zaga kasuwa sau ɗaya lafiya lau. A zagaye na biyu ƙaurin babbaka ya cika gari, karnukan mahauta suka biyo shi a guje suna murna, hayaƙi na fita ta tsakanin ƙafafunsa. A na uku babur ya yi kakari ya yi shiru, daidai gaban rumfar masu dara, inda duk wanda ya taɓa cewa ya taɓu yake zaune. Illo ya sauka a natse, ya kashe wutar da ta kama bakin wandonsa, ya ce musu kanwa ce ke aiki, haka jaki ma kan yi. Ya turo shi gida, karnuka na rakiya.

Hajara ta ajiye masa tuwo, ta ɗaga masa yatsu uku, kwanakin da suka rage ke nan, ta juya. Wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya san in suka rasa sunan nan shi ne sila, ya kuma san yarinyar nan za ta zauna a ɗakin jego tana sauraren ƙofa. Tuwon bai ciwu ba.

Litinin da sassafe Kalebu ya iso, Audu ne ya aika masa. Ya ga rigar fata ta ƙone ta manne wa injin, ya leƙa tanki ya ga farar laka. Ya cire hula ya riƙe kai.

“Baba Illo, mi kas sa ciki?”

“'Yar kanwa ce. Ko rabin ta jaki ba ta kai ba.”

“Wanga ba shi da hanji, Baba. Haƙarƙarin nan kuma da kar ruhe, da su shike shan iska. Ka toshe mashi hanci ne ka ce shi yi gudu.”

Illo ya ce to ai da sai a faɗa masa tun farko. Kalebu ya kwance tanki ya wanke, ya bi kowace ƙaramar kafa yana busawa da baki har leɓensa ya yi fari, ya kankare fata da wuƙa. Aikin ya ci har azahar.

Wannan jinkiri shi ya ba gari dama. Labari ya bazu Madugu za shi gabas, kowa kuma ya san falke ba ya mayar da saƙo. Amana ce, in ka ƙi ɗauka ka zubar da sunan gidanku. Wata tsohuwa ta kawo ƙullin daddawa na 'yarta a Cadawa. Liman ya kawo ɗaurin takardu na wani malami a Agye. Aka kawo busasshen kifin tabki, aka kawo damin taba, wani bawan Allah ya kawo zabi biyu masu rai na surukarsa a Gazawa. Audu kansa ya kawo fartanya huɗu na ƙanensa a Tasawa, wai ai a kan hanya ne. Illo yana karɓa yana ɗagawa yana lumshe ido, wannan dama, wancan hagu, fuskarsa har sheƙi take, rabonsa da jin kansa Madugu haka tun kafin zuwan kamiyo. Ga kuma kayan mai jego na Hajara, gero da kanwa da kayan yaji da man shanu da zannuwa, ga garwar esansi. Da aka gama babur ya ɓace, sai ƙaho da fitila ke leƙowa. Kalebu ya zaga shi, ya ga taya ta baje, ya roƙi a rage ko da dutsen nan ne. Illo ya ce saƙo amana ne, dutse kuma in aka cire shi za su kife tun kafin Safo. Kalebu ya ƙara wa taya iska ya ce Ubangiji ya kiyaye, ya kuwa faɗe ta har zuci.

Bayan la'asar liman ya yi addu'a, aka ɗaga Hajara aka ɗora a kan kujera, maza huɗu suka tura, babur ya tashi yana nishi. Ya ratsa gari ya wuce gonakin taba, zabi na kuka, tsohuwar ƙararrawar jakin gaba da Illo ya rataya a ƙaho tana kaɗawa. Hajara ta fara sakin ranta ke nan sai ta ji an daka tsawa, an ja ƙaho, an taka birki. Suna gindin wata tsamiya, ko nisan jin kiran salla ba su yi daga gari ba. Illo ya sauka ya fara kwance tabarma.

Al'adar fatake ce, yana kuma da hujjarsa. Ranar tashi ba a nisa. Akan yada zangon farko a bayan gari a kwana, don in an manta wani abu a koma a ɗauko, in ɗauri zai saki ya saki kusa da gida. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya yi duk tsawon fataucinsa. Hajara tana zaune bisa kujera tana hango rufin ɗakinta, har tana iya gane akuyarta tana cin dangar maƙwabta.

“Malam,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “shekara talatin da biyu ban taɓa tsallake maganakka ba. Yau in ka shimhiɗa tabarmag ga, ni za ni sauka in kama hanyad Damagaram da ƙahwata, kai ka kwana da zabi. In an tambaye ni ina mijina, in ce shina bayan gari shina tunanin abin da yam mance.”

Illo ya tsaya da tabarma a hannu. Ya ce da ma kakkaɓe ta zai yi. Ya kakkaɓe, ya naɗe, suka kama hanyar Maraɗi inda za su kwana a gidan Kalebu. Kalebu da kekensa ya riga su isa.

Talata ta ƙare a sauke amana. Matsalar saƙo ita ce ba a miƙa shi daga kan babur a wuce. Sai an sauka, an gaisa, an tambayi mutanen Madarunfa ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka daɗe da rasuwa, an sha fura. Kuma duk ƙullin da ya fita sai Illo ya sauke mangala duka ya sake awo. A Cadawa fura, a Agye fura, a Gazawa surukar mai zabi ta rantse sai an yanka ɗaya sun ci, Hajara ta yi rantsuwar da ta fi tata, suka tsira. Da magariba suka shiga Tasawa suka miƙa wa ƙanen Audu fartanyoyinsa. Rabin hanya na gabansu, wuni ɗaya ya rage.

Laraba ita ce ranar yashi. Gabas da Tasawa hanya ta zama rairayi mai laushi, tayar baya ta riƙa nutsewa har rabi. Su sauka, su tura, su hau, taku ɗari ta sake nutsewa. Wajen azahar Illo ya zauna a ƙasa, numfashi sama-sama, rawani a warware, karo na farko a rayuwarsa ya rasa abin cewa game da kaya. Hajara ce ta karɓi madugancin. Ta tsayar da wasu Abzinawa masu raƙuma da za su Damagaram, ta ba su gero da man shanu da zannuwa da tabarma, ta kwatanta musu shagon Salisu tela. Kanwa da kayan yaji ta ɗaure a bayanta kamar goyo. Aka juye ragowar esansi a tanki, garwa ta bi raƙuma. Sannan ta kwance kujerarta ta miƙa musu ita ma, ta shiga bayan wata sabara da wandon Illo na canji, ta fito da shi a ƙarƙashin zane, ta ɗaga ƙafa ta haye akumari. Ta ce duk wanda ya kai labarin nan Madarunfa ba ta yafe ba.

Yanzu mangalar hagu wayam, ƙafafun Hajara ɗaya dama ɗaya hagu. Ba abin da ya rage sai dutse shi kaɗai yana jan babur gefe guda, abin da ko sabon shiga fatauci ba zai yi ba. Hajara ta ce saura wannan, a bar shi nan, Damagaram garin duwatsu ne, in dutse yake so zai samu har ya gaji. Illo ya dafa mangalar. Ya fara cewa ai iska tana turowa daga dama, ya tsaya, don ko ganye ba ya motsi. Ya fara cewa tayar hagu ta fi nauyi, ya tuna babur ba shi da tayar hagu. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce yashi ne ya faɗa masa.

Hajara ta daɗe tana dubansa. Ta san ba shi da abin da zai iya miƙa wa 'yar fari a gaban surukai, ba zane, ba turare, ba kalma. Tausayinsa ya kama ta har ta ji haushin kanta.

“Hau mu tahi,” ta ce. “Ni za ni karkata hagu.”

Haka suka yi sauran hanyar, dutse na ja dama, tsohuwa na ja hagu, mutumin da ya fi kowa iya ɗaurin kaya a ƙasar Maraɗi yana tsakiya da mangala mafi muni da aka taɓa gani a hanyar nan. Suka kwana Takeita, suka yi sammako.

Rana ta ɗan ɗaga ran Alhamis suka shiga unguwar su Salisu. Esansi ya ƙare tun daga bakin gari, da turi suka ƙarasa, ƙararrawar jaki na sanar da su. An riga an raɗa wa jaririya suna Asma'u, an shafa fatiha, ana feɗe rago, wanzami ya jiƙa mata kai yana wasa aska. Hajara ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ratsa maza da wando a ƙarƙashin zane da kanwa a baya ta faɗa ɗakin jego, abin da aka ji daga ciki kuwa kuka ne da dariya a haɗe, har matan da ke tsakar gida suka kama share hawaye. Ranar suna ta same ta a ɗakin 'yarta.

Salisu ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya sa aka shigo da babur tsakar gida, mutane suka kewaye shi suna kallon akumari da ƙarafunan Audu. Wani dattijo, da gani tsohon falke ne, ya taɓa mangalar hagu ya ji wayam, ya zura hannu a ta dama, ya tambaya cikin ladabi wane irin awo ne wannan, dutse a gefe guda ba abin da yake tarewa. Illo ya ce awon mutanen yamma ne, ba kowa ya san shi ba. Ya ciro dutsen ya kai shi ƙofar ɗakin jego ya ajiye, wai don kada a yi tuntuɓe da shi.

Labule ya motsa. Mariama ta leƙo don ta gaida mahaifinta yadda aka saba, daga nesa, kai a sunkuye, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Da yake kanta a ƙasa yake, abin da ta fara gani shi ne dutsen. Ta manta da gaisuwar. Ta durƙusa ta dafa shi da hannu biyu. Ta san daga inda ya fito, ta san sau nawa aka ɗaga ta kafin a zaɓe shi.

“Inna,” ta ce, ba ta ɗago ba, “ki tambayi Baba, mi anka auna da shi har Damagaram?”

“Tun bayan Tasawa ba shi auna komi,” in ji Hajara daga ciki. “Ni dai na sha karkata.”

Illo ya yi kamar bai ji ba. Wanzami ya gama aski aka miƙo masa jaririya, jika kuwa ba kunya tsakaninta da kaka, ko a tsakiyar kasuwa ne sai ya ɗauka. Ya karɓe ta, ya ɗaga, ya lumshe ido. Ya miƙa wa Salisu, ya sunkuya ya ɗaga dutsen, ya ajiye, ya sake karɓar ta ya manna a ƙirji, ya daɗe a haka.

“Da saura,” ya ce wa katanga. “Sai ta shekara ukku. A bar shi nan ƙohwar ɗaki, kada a ba kowa shi wasa wuƙa. Za ni riƙa zuwa ina aunawa.”

Mariama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi. Hajara tana leƙe ta gefen labule tana ƙirgawa. Dutse ɗaya ne tak a ƙofar ɗakin, amma kafin a sauke tukunyar naman suna sai da Madugu ya yi awo sau tara.